Cigiyar Nana Aisha

Ɗakin editin, inda ake haɗa hotuna, na makarantarmu ta koyon fim a Ilupeju ba shi da taga ko ɗaya. An manna kwalayen ƙwai a bango don kada hayaniyar waje ta shigo, ƙofar kuma idan ta rufu sai ka sa kafaɗa kafin ta buɗe. Mu'az, wanda shi ke yanka hotunan guruf ɗinmu yana haɗawa, yana da doka guda: duk wanda ya shigo sai ya kashe ƙarar wayarsa ya jefa ta cikin kwalin taliyar da ke bakin ƙofa. Ran Asabar ɗin nan na jefa tawa da ƙarfe sha ɗaya, na shimfiɗa wa 'yata Nana Aisha zani a ƙarƙashin tebur, na ba ta biskit da ruwa, muka zauna.

Mu uku ne, ni da Mu'az da Mastura. Aikin da malaminmu ya ba mu shi ne mu haɗa farkon fim mai tsinka zuciya, da tambarin kamfanin da muka ƙirƙira a gabansa. Ni na rubuta labarin, kuma ban yi nisa wajen nemansa ba. Abin da na fi tsoro a duniya na rubuta: uwa ta juya tana cinikin attaruhu, wani mutum ya kama hannun 'yarta ya shige lungu da ita.

Da muka rasa yarinyar da za ta fito, na yarda a sa Nana, shekararta huɗu, bisa sharaɗin babu wanda zai gani sai malami. Ni ko a sitatus ban taɓa ɗora hotonta ba, har ƙawayena suna min tsiya wai ɓoyon gwal nake yi. Mutumin da zai ɗauke ta kuwa sai muka roƙi Malam Habibou, mai shayin bakin layinmu a Agege. Mutumin Maraɗi ne, shekararsa tara a unguwar, kuma ban da ni da babanta shi kaɗai Nana ke yarda ya riƙe mata hannu. Tonton take ce masa, wato kawu da Faransancin ƙasarsu, shi ya koya mata.

"Ni ne ɓarawon?" ya ce ranar da muka tambaye shi. "Bon. Amma ku ɗauke ni ta gefen da haƙorana suka cika."

A rubuce sunan yarinyar Ni'ima. Ranar ɗauka na kira Ni'ima sau takwas, Nana ko waiwayowa ba ta yi ba, sai muka haƙura muka bar mata sunanta. Da Mastura ta zo zana takardar cigiyar da za ta fito a ƙarshe, ta ce tana buƙatar lambar waya don abin ya yi kama da gaske. Ina goge wa Nana hanci na karanto mata tawa. Mu'az kuma ya cire launin hoton, ya sa agogo yana tafiya a kusurwa, ya zama kamar abin da kyamarar tsaron wani shago ta ɗauka. Daƙiƙa hamsin. Ni da na rubuta ma sai da na kau da kai da na kalla.

Tambari ne kawai ya rage, kuma sati biyu ke nan muna kansa.

"Ido a cikin ramin makulli," in ji Mastura, tana juyo mana da kwamfutarta. "Na rage jan, na ƙara baƙin. Me kuma kake so?"

"Ya yi kama da tallar mai gyaran kwaɗo," in ji Mu'az. "Wuƙa nake so. Wuƙa tana ɗigar jini, sunan ya fito daga cikin jinin."

"Abeg, don Allah, kamfanin fim muke buɗewa ko mahauta? Kullum kai jini."

"Anti Badiyya, ki raba mu," in ji Mu'az, yana dubana.

"Ni dai ku zaɓi ɗaya mu tafi gida," na ce. "Ban ɗora girki ba."

Haka muka yi ta yi, a ƙara wannan a rage wancan, har muka yi sallar Azahar a kan kwali a kusurwar ɗakin muka dawo kai. Wajen ƙarfe biyu da rabi Nana ta farka ta ce fitsari. Na sa kafaɗa na ture ƙofar, na sunkuya na ɗauki wayata don in duba lokaci.

Kira sittin da uku. Lambobin da na sani da waɗanda ban sani ba. Ina tsaye ina kallo wani ya sake shigowa, Baba Iliyasu, ladanin masallacin layinmu.

"Badiyya! Kina ina? Ina yarinyar?"

"Ga ta a hannuna, Baba. Lafiya?"

Ya yi salati har sau biyu. A bayan muryarsa ina jin wata irin hayaniya, kamar ta tasha idan faɗa ya kaure.

Abin da ya gaya min ke nan. Tun hantsi wani bidiyo ya shiga wayoyin mutanen unguwa, an ga Habibou mai shayi ya ja Nana ya shige lungu, ga takardar cigiya da sunanta da lambata. Maƙwabta suka je ƙofata suka tarar da kwaɗo. Aka kira ni ban ɗauka ba. Aka kira Baban Nana, shi kuma yana hanyar dawowa daga Arewa a motar shanu, wayarsa ba ta shiga. A unguwarmu idan yaro ya ɓata ba a jiran kowa, lasifikar masallaci ake kai maganar. Baba Iliyasu da bakinsa ya yi cigiyar bayan Azahar. Kafin ya ajiye makirufo samari sun kifar da teburin shayin. Habibou ya sheƙo da gudu ya faɗa masallaci, Baba ya tura shi ɗakin ajiyar tabarmi, ya ja ƙyauren ƙarfe na masallacin ya kulle su su biyu a ciki.

"Baba, fim ne! Aikin makaranta ne! Ka gaya musu!"

"Zan gaya musu. Riƙe wayar."

Na ji muryarsa ta fita ta lasifika, na ji ihun da ya biyo baya. Ya dawo.

"Sun ce tilasta miki aka yi ki faɗi haka."

"To bari in kira ta bidiyo su gan ta."

Muka gwada. Ya miƙa wayar ta tsakanin sandunan ƙyauren, hoton yana tsayawa yana tafiya, fuskar Nana ta daskare baki a buɗe. Na ji wani ya ce tsohon hoto ne, wani ya ce yanzu kowa na iya haɗa irin wannan. Bidiyo ɗaya suka yarda da shi, wanda ya fara zuwa.

"'Yata, sai kin kawo ta sun gani da idonsu," in ji Baba. "An kira 'yan sanda, sun ce suna hanya, ruwa ya tare ko'ina. Ni abin da zan iya shi ne in riƙe ƙofar nan zuwa La'asar. Idan lokacin salla ya yi ban san da bakin da zan hana Musulmi shiga masallaci ba."

Na juyo. Mu'az yana tsaye a bakin ɗakin, fuskarsa ta gaya min kafin bakinsa.

"Wa ka tura wa?"

"Yayana kawai. Jiya. Ai malam ya ce mu rubuta ra'ayin masu kallo..."

"Ka rubuta masa cewa fim ne?"

"Ya san ina karatun fim, Anti."

"Wanda shi ya tura wa fa, ya sani?"

Mastura ta dafe ƙirji ta ce a hankali, "Babu tambari a gabansa. Babu komai. Haka ya fita tsirara."

Ban da lokacin zagi. Na ce ya ɗauko kwamfutarsa, na saɓi Nana muka fita.

A waje ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, mu muna cikin ɗakin nan ba mu sani ba. Muka sami keke mai ƙafa uku zuwa tashar Oshodi. Layin manyan motoci ya yi tsawon da ban ga ƙarshensa ba, sai muka faɗa ƙaramar motar haya, danfo ta farko da kwandasta ke kiran Agege, kujerar baya, ni a jikin tagar da ba ta buɗuwa, Nana a cinyata. Ƙarfe uku da minti biyar. Idan hanya ta yi kyau minti arba'in ne.

Hanya ba ta yi kyau ba. Muka yi tafiyar minti goma muka tsaya cik. Gilasai suka yi gumi, motar ta cika da warin jiƙaƙƙen kaya da kifin wata mata. Direba ya kashe inji. Na ƙirga motocin da nake iya gani a gabanmu, na sake ƙirgawa, ba ɗaya da ta motsa. Wayata tana ta rawa a hannuna, baƙin lambobi, kowane kira yana cin batirin da ya rage min. Na riƙa katsewa ina jiran na Baba kaɗai.

Matar da ke gefena, wata Bayarabiya mai kwandon kifi, ta taɓa ni da gwiwar hannu ta miƙo min wayarta. Da Yarabanci ta ce in duba abin da mugaye ke yi, in riƙe 'yata da kyau. Na duba. Habibou ne, a hoton nan baƙi da fari, yana jan Nana zuwa lungu. Rigar da ke cikin hoton, mai ɗigo-ɗigo, ita ce a jikin Nana a lokacin.

Na so in ce mata ga yarinyar nan, ƙarya ne. Sai na hango yadda abin zai kasance: mota cike da mutane, ga yarinyar da ake cigiya a hannun wata mata da ba su sani ba, ga ƙofa ɗaya tak kuma tana can gaba. Na ja hijabina na rufe Nana har kai, na ce wa matar Allah ya kyauta.

"Umma, zafi," in ji Nana daga ciki.

"Yi haƙuri, yanzu za mu sauka."

Uku da rabi muna Ikeja. Baba ya kira, ya ce ga Habibou, zai tura masa wayar ta ƙarƙashin ƙofa.

"Maman Nana." Muryarsa ta yi ƙasa sosai. "Kina tahowa?"

"Ina hanya, Malam Habibou. Ka yafe min. Sun ji maka ciwo?"

"Kaɗan. Leɓe ne. Ɗakin ga ba ya da taga, amma ina jin su. Akwai wanda na sani da murya, kullum shina shan shayi wurina, madara biyu. Ki ce ma Nana ta taho ta fid da Tonton."

Mu'az, da ke gefen Mastura rungume da jakar kwamfuta, ya sunkuyar da kai yana kuka ba sauti. Mastura ta ce masa ya share fuska, kuka ba ya tura mota.

Huɗu saura kwata muka kai Mangoro muka sake tsayawa. Ban ƙara jira ba. Na ce wa kwandasta owa, wato akwai mai sauka, na tattake ƙafafun mutum huɗu ina ba da haƙuri, na sauka cikin ruwan da ya kai min idon sawu. Rabon da in goya Nana tun tana shekara biyu, amma na kwance ɗankwalin da ke jakata na ɗaure ta a baya, na saki hijabin a kanta. Muka yi gudu muka yi tafiya, takalmina ɗaya ya tsinke na bar shi a nan. Can gaba muka sami okada biyu, 'yan acaɓa, a ƙarƙashin wata rumfa. Wayata ta mutu a kan okadar.

Huɗu da kwata muka iso bakin layinmu. Ya kamata a ce an kira salla tun minti goma da suka wuce. Lasifikar shiru.

Ban taɓa ganin layin nan haka ba. Daga inda teburin Habibou yake har ƙofar masallaci kawuna ne, ruwa yana dukansu ba wanda ya damu. Teburin yana kwance ƙafafu sama, gwangwanayen madara a cikin kwata, butar shayin ta lotse. Na ga sanduna. Na ga wani yaro matashi da tayar mota rataye a kafaɗa, irin wadda ake sa wa ɓarawo a wuya a cinna wuta. Wasu suna bubbuga ƙyauren masallacin suna cewa lokaci ya yi, a buɗe musu su yi salla.

Na tsaya. Zan faɗi gaskiya, na so in juya gida. Gidanmu yana hannun hagu, taku ashirin, makullin yana jakata. Ina jin numfashin Nana a tsakanin kafaɗuna. Shekara huɗu ina kare yarinyar nan daga rana, daga kwata, daga idon mutane, yanzu kuma in kutsa da ita cikin wannan?

"Anti, bari in shiga da kwamfutar in nuna musu," in ji Mu'az.

"Su fasa ta su fasa kanka. Ku riƙe rigata ta baya, kada ku bari a matse ta."

Muka shiga. Ina cewa ku ba ni hanya, ni ce uwar yarinyar, babu mai ji, kowa bayansa ya ba ni. Muka kai tsakiya muka maƙale, gaba ba hanya baya ba hanya, wani gwiwar hannunsa a wuyana. Nana ta fara kuka. Nan na kwance goyon, na yaye hijabin, na ɗaga ta sama da hannu biyu na ɗora ta a wuyana inda kowa zai gan ta.

Laraba mai ƙosai, maƙwabciyata, ita ta fara gani. Ta ƙwalla ƙara, "Ga Nana! Wallahi ga Nana!"

Sai kawunan suka juyo gaba ɗaya, wayoyi suka tashi sama, kowa yana ɗaukar fuskar 'yata. Turawar da aka yi ce ta kai mu har jikin ƙyauren. Baba Iliyasu ya buɗe shi daidai faɗin mutum ɗaya, ya fizgo mu ciki ya mayar ya rufe.

Ya ɗauki makirufo. Ya ce jama'a, cigiyar da ya yi bayan Azahar ya janye ta, yarinya ba ta ɓata ba, tana tare da uwarta tun safe, abin da aka gani wasan fim ne na 'yan makaranta. Ya maimaita da Yarabanci. Hayaniyar ta ragu amma ba ta mutu ba. Wani ya ɗaga murya ya ce ai kuɗin fansa aka biya. Wani ya ce a fito da shi dai tukuna, a tambaye shi.

Baba ya ajiye makirufon a kan tabarma bai kashe ba, ya dube ni, na dube shi. Ba mu san abin da ya rage mu yi ba.

Daga bayan ƙofar ɗakin tabarmi Habibou ya yi tari. Nana, da ke maƙale da ƙafata tana shessheƙa, ta ɗaga kai. Ta san tarin. Kullum da yamma suna wasan ɓuya, shi ya durƙusa bayan teburinsa ya yi tari don ta gano shi. Ta sake ni ta je ta daki ƙofar da tafin hannu.

"Tonton, na gan ka! Fito! Na gan ka!"

Muryarta ta fita ta lasifikar da ke saman masallaci, ta bi layin har bakin titi. Waje ya yi tsit, sai ƙarar ruwa a kan kwano.

Baba ya buɗe ɗakin. Habibou ya fito a sunkuye, leɓensa a fashe, rigarsa a yage har cibiya. Nana ta kama yatsunsa biyu kamar yadda ta saba, ta ce wa ya buge shi, ta ja shi zuwa wajen haske. Na so in riƙe ta. Na bar ta. Baba ya ja ƙyauren ya buɗe duka, suka tsaya a bakin ƙofa su biyu, tana gaba yana baya.

Ban ga lokacin da mai tayar ya ajiye ta ba, na dai gan ta daga baya a jingine da bango. Mutane suka fara kallon ƙasa. Baba Iliyasu ya ɗauki makirufo ya kira La'asar, minti ashirin da biyar a makare, abin da ya ce bai taɓa yi ba cikin shekara ashirin da biyu. Wasu suka shigo suka yi alwala. Habibou ya yi sallarsa a sahun ƙarshe, kusa da ƙofa.

Kashegari muka haɗu a tsakar gidanmu. Zaɓen tambarin bai ɗauke mu minti biyu ba: baƙin allo, sunan guruf ɗinmu da farin rubutu, a ƙasa an rubuta WANNAN FIM NE da Hausa da Yarabanci da Turanci, kuma Mastura ta sa shi ya zauna a kusurwar hoton daga farko har ƙarshe yadda ba mai iya yanke shi. Mu'az bai ambaci wuƙa ba. Muka ɗauki sabon bidiyo, Habibou a zaune, Nana a cinyarsa tana cin burodi, ni a tsaye ina bayani da fuskata a buɗe. Na ce a tura ko'ina.

Bai yi gudun na farkon ba. Na farkon ya riga ya kai Ketu, ya kai Mile 12, wata 'yar'uwata ta turo min shi daga Kano tana kuka. Samarin layin sun haɗa wa Habibou sabon tebur, har da wanda ke shan madara biyu, amma ya daina wuce bakin titi. A layinmu an san gaskiya, a gaba kuwa fuskarsa kawai aka sani. Ni nake karɓo masa burodi daga gidan burodi kowace safiya idan na kai Nana makaranta.

Baban Nana da ya dawo ya yi faɗan da ya dace, sannan ya ce in cire layin wayar nan in sayi sabo, tunda har yau wayar ba ta huta ba. Na ce ya bar min shi. Jiya ma ina wanke-wanke wata tsohuwa ta kira daga Gusau, ta ce ta ga cigiya, ko an ga yarinyar. Na goge hannuna a zani na zauna a kan turmi.

"An gan ta, Hajiya, dama ba ta ɓata ba. Amma kada ki kashe tukuna. Mutumin nan da kika gani a hoton, sunansa Habibou, bari in gaya miki ko wane ne."